Firana Uku a Cikin Bokiti

Wata daga cikinku ta rubuto min bayan abin da na saka makon jiya, ta ce ina ba da labarin aurena kamar mai karanta takardar magani. Ban ji haushi ba. Umma ma ta sha faɗa, ta ce ita dai 'ya'ya biyu Allah ya ba ta: ɗaya in ta yi dariya sai maƙwabta sun ji, ɗaya kuma ko gobara ce ta tashi sai ta tsaya neman ɗayan takalminta. Ni ce ta biyun. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, yadda abin ya zo min haka zan faɗe shi.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa: shekarata ashirin da tara, ni ce auta, kuma shekara shida ke nan ina aiki a shagon Kawu, ƙanen Umma, inda muke sayar da kifin ado da tankunan gilashi. Babu wanda ya taɓa ce min dole in yi aure. A gidanmu ba a yin haka. Abin da ake yi shi ne Umma ta dawo daga bikin 'yar wata, ta ajiye jaka, ta sauke ajiyar zuciyar da za a ji har kicin. Yayata kuma ta turo saƙon murya na minti shida, ya fara da girki ya ƙare da "lokaci fa ba ya jiran kowa". Baba ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Injiniya ɗan ƙawar Umma ne, wata biyar ke nan yana zuwa. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum hannun rigarsa a naɗe, kuma duk turaren da ya fesa sai ka ji ƙurar siminti a ƙarƙashinsa, domin gine-gine yake yi. Yana da saurin dariya da saurin kyauta. Ranar da ya fara shiga gidanmu ya ji famfon kicin na ɗiga, ya nemi sifana ya gyara, tun daga ranar Umma ta gama yanke hukunci. Likita yake kirana, don ranar da ya fara ganina a shago ina ɗiga wa wani kifi magani ne. Ba zan ce muku ina kasa barci saboda shi ba. Amma in ya kwana biyu bai leƙo ba nakan lura, kuma a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai in gaya muku wane ne Maigida, don in ba ku san shi ba labarin ba zai zauna ba.

Kifi ne, irin wanda ake kira mai-kan-maciji. An kawo mana shi bai wuce ɗan yatsa ba, ni na raine shi shekara uku har ya kusa tsawon hannuna. Tankinsa na can kusurwar shago, shi kaɗai, domin ba ya yarda da kowa a wurinsa. Hitar da ke ɗumama masa ruwa ma sau biyu yana fasa ta, har leɓensa na ƙasa ya tsage ya warke da tabo. Kawu ne ya sa masa Maigida saboda wannan halin, Yaya kuma ta samu abin tsokana, ta ce ai shi ya sa ba na sauri, na riga na yi maigida a cikin ruwa. In na ƙwanƙwasa murfin tankinsa sau biyu da zobena, yakan taso ya tsaya daidai fuskata ya jira abinci. Kawu in ya ƙwanƙwasa, ko motsi.

Daura da shi akwai tankin firana, kifayen nan masu kaifin haƙori da ke cin nama, su tara, masu jan ciki. Mutane kan shigo su tsaya gabansu da tsoro, alhali matsorata ne na ƙarshe. Ka yi atishawa kusa da gilashi sai duk su cure a lungu. Sai dai in suka ga rauni a jikin wani, ko da ɗan'uwansu ne, ba sa barinsa.

Wata Talata wajen ƙarfe sha ɗaya, ina tsaye a kan kujerar roba ina zuƙe dattin ƙasan wani tanki da tiyo, Injiniya ya shigo da waya a hannu. Gidan da yake ginawa ya kusa ƙarewa, gidan da dangi suka riga suka fara kira gidan Auta. Ya nuna min hoton falo, an bar wani wuri a bango mai tsawon mita uku inda za a zaunar da tanki. Ya ce so yake baƙo in ya shigo ya manta da sallama. Na tambaye shi abin da zai zuba a ciki. Ya nuna firana, ya juya ya nuna Maigida.

"Duka biyun?"

"Ai tankin babba ne, Likita."

Na sauko na goge hannu, na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa kowane mai saye. Na ce Maigida duk girman tankin da aka ba shi nasa ne shi kaɗai, zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Su kuma ba za su tsaya faɗa da shi gaba da gaba ba, ta baya za su riƙa gutsurar wutsiyarsa har ya kasa juyawa. Ba a ƙarewa da biyun a raye. Ya ce ai ya ga bidiyo, wani ya haɗa su suna yawo lafiya. Na ce wanda ya saka bidiyon ranar Litinin ba ya saka na Juma'a. Ya ce ya ji in an ƙosar da su sukan saba. Na ce masa ba yunwa ce ke sa Maigida kisa ba, wuri ne. In lallai yana son ganinsu a bango ɗaya, to a raba tankin da gilashi mai kauri a tsakiya, a yi masa ƙananan huji ruwa ya riƙa wucewa, a kuma ɗora murfi mai nauyi, don Maigida na tsalle.

"To, yadda kika ce."

Da sauri ya faɗa, yana murmushi. A shago na koyi cewa mai sayen da ya yarda da sauri, ko dai ya gane ko kuma ya daina sauraro. Ban tsaya tantance wanne ne ba, saboda bokitin da tiyo ke zuba wa ya cika ya fara malala.

Kwana huɗu bayan haka Yaya ta haihu, da tiyata, a garin da take aure. Ƙafar Umma ba ta son doguwar tafiya, sai aka tura ni. Kafin in tafi na rubuta a jikin tankin Maigida da alƙalamin maka: ƙananan kifi huɗu daga firji, duk bayan kwana biyu, a bari ƙanƙarar ta narke, da matsi za a miƙa masa, ba da hannu ba.

Kwana goma sha biyu na yi ina wankin kayan jariri da dafa ruwan zafi. Kowace safiya saƙon Injiniya na shigowa kafin in gama shayi: "Likita ta tashi lafiya?" Rana ta bakwai babu saƙo. Ta takwas ya turo hoton hannunsa na dama a naɗe da bandeji, ya ce kwanon rufi ne ya yanke shi a wurin aiki. Na rubuta masa sannu, na ce ya je a yi masa allura. Yaya tana kwance da jariri a ƙirji ta fizge wayar ta karanta, ta ce yanzu mutum ya kusa rasa hannu abin da zan ce ke nan? Da kanta ta ƙara hoton zuciya guda uku ta tura.

Na dawo ranar Alhamis da yamma. Juma'a da safe na buɗe ƙofar shago na tarar da tankuna biyu a wanke, a bushe, an ma goge rubutuna.

Kawu na bayan kanta yana jera gwangwanayen abincin kifi waɗanda dama a jere suke. Ya ce Injiniya ne ya zo ya ɗauke su washegarin tafiyata, wai zai ba ni mamaki, kuma ai duk ɗaya ne tunda can zan koma. Ya ce da hannunsa ya yanka masa gilashin tsakiya. Duk maganar nan da gwangwani yake yin ta. Kawu kuwa mutum ne da ko shekarun kifi zai rage wa mai saye, sai ya kalli tsakiyar idonsa.

Na rubuta wa Injiniya: "Kawu ya ce Maigida na wurinka."

Nan take hoto ya shigo, an ɗauke shi daga nesa, daga bakin ƙofar falo. "Yana gaishe ki. Gobe ki zo ki gani da idonki, har da Umma."

"Firanan fa?"

Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. "Na ba wani abokina. Ai kin ce kada a haɗa."

Asabar Umma ce ta zaɓa min kaya. Doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, mayafi shuɗi mai laushi, da takalmi mai tsini da Yaya ta ba ni wanda ban taɓa sawa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce yau dai na yi kama da mutane, ba warin ruwan tanki. Ƙarfe huɗu Injiniya ya zo ya ɗauke mu, yana tuƙi da hannun hagu.

Gidan na warin sabon fenti. Kujeru ba a cire musu leda ba, tagogi babu labule, wayoyin wuta na leƙowa daga silin. Mahaifiyarsa ta riga mu zuwa, ta jera kofuna da biskit a kan wani kwali da aka kifa. Ita da Umma suka rungume juna kamar ba shekaranjiya suka rabu ba.

Tankin kuwa, gaskiya ya yi kyau. Farin yashi, wani tsohon kututture a kwance, fitila mai haske shuɗi. Na matsa kusa. Abin da na fara gani shi ne layi biyu na gam a tsakiyar gilashin, ɗaya gaba ɗaya baya, an kankare amma bai fita duka ba. Kifin na bayan kututturen, kansa kawai ya fito. Na ƙwanƙwasa murfi sau biyu da zobena. Ya ƙara shigewa. Na jira har ya juya, na ga leɓensa lafiyayye, babu tsaga babu tabo.

Kifi ne mai kyau, tsawonsu ɗaya, kalarsu ɗaya. Ba nawa ba ne.

Injiniya na tsaye a bayana ya ce baƙunta ce, bai saba da sabon wuri ba. Na ce haka ne, sukan yi hakan. Na koma na zauna a kan leda na karɓi shayi. Na san wasunku za su ce me ya hana ni yin magana a take. Ni ma ban sani ba. Ina jin so nake in ga iyakar abin.

Iyayen suka shiga gardamar labule, Umma na son ruwan zuma, ƙawarta na son kore. A tsakiyar maganarsu kunnena ya kama wata ƙara ƙasa-ƙasa da ba daga falon take fitowa ba. Injin hura wa kifi iska ne, irin ƙaramin da muke sayarwa, in aka ajiye shi a kan tayil haka yake kaɗawa. Shekara shida ina jin ƙarar nan. Na ce zan zaga, na bi baranda na wuce kicin, na tura ƙofar wani ɗan ɗakin ajiya.

Shuɗiyar durom ce aka yanke rabi, aka rufe da kwali. Na ɗaga. Firana uku, wutsiyoyinsu a yage, ɗaya babu ido guda, ruwan ya yi kauri yana wari. A jikin bango an jingine gilashin tsakiya, da awon da Kawu ya rubuta da maka a gefensa.

Ban ji shigowar Injiniya ba, sai inuwarsa na gani a kan ruwan.

"Yaushe Maigida ya mutu?" na ce.

Ya ja ƙofar ya jingina da ita. Sannan ya faɗa min komai, bai ɓoye ba, zan ba shi wannan. Kwana uku gilashin na ciki. Sai abokansa suka zo ganin gida, ɗaya ya ce shamakin ya ɓata tankin, ya mai da shi kamar gidan yari, kuma duk sun ga bidiyon nan. Ya ba kifayen abinci har suka ƙi ci, sannan suka taru suka zare gilashin. Ranar babu abin da ya faru, har hotuna suka ɗauka. Washegari ma haka. Rana ta uku da safe ya zo haɗuwa da mai gyaran wuta, ya tarar da ruwan ya yi duhu, firana huɗu sun mutu, Maigida kuma babu rabin wutsiya amma bai daina binsu ba. Ya zura raga da hannu don ya raba su, a nan aka cije shi. Wasu biyu suka mutu kafin yamma. Ya kira Kawu, Kawu ya zo da magani suka ware Maigida a baho. Kwana biyu ya yi a kwance a gefe ɗaya. Kawu ne ya samo lambar wani mai kiwon irinsa a wani gari, shi kuma ya yi tuƙin awa biyar da hannu ɗaya ya ɗauko wannan.

"Kwana biyu," na ce. "Waya na hannuna duk kwana biyun. Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Na ɗauki waya. Umma ta ce kada in ɗaga miki hankali kina jinya."

"Wace Umman?"

"Taki."

Daga falo ana jin dariyarsu, ina jin an daidaita a kan ruwan zuma.

Ba zan yi muku ƙarya in ce da an kira ni da ya rayu ba. Wataƙila da bai rayu ba. Amma na san nawa ake sa gishiri, na san a kashe fitila a rufe bahon, na san ba ya son a canza masa ruwa da yawa lokaci ɗaya. Kawu ɗan kasuwa ne, ya iya saye ya iya sayarwa, jinya ba tasa ba ce.

Na tambaye shi da ban gane ba fa. Ya ce da shi ke nan, da ya bar shi a haka. Ya ƙara da cewa Kawu ya gaya masa zan gane, shi ne ya ce ba zan gane ba, ai kifi kifi ne.

"Wato na ce kada a haɗa, ka ɗauka ban sani ba. Aka ce zan gane, ka ɗauka ba zan gane ba."

Ya kalli bandejinsa.

Na ce ya samo min bokiti mai murfi. Na cire takalmin Yaya na ajiye a gefe, na naɗe hannun riga, na ɗebo ruwa mai kyau daga babban tankin na gauraya, na kamo su ɗaya bayan ɗaya da raga. Ko gudu ba su yi ba. Ya miƙo hannu zai ɗauki bokitin, na ce ya bari, ciwonsa kada ya jiƙe. Haka na ratsa falon, bokiti a dama, takalmi a hagu, gefen rigata na ɗiga a kan sabon tayil.

Mahaifiyarsa ta ajiye kofi ta ce, "'Yata, me ke nan kuma?"

"Kifi ne, Mama. Magani suke buƙata."

Umma ba ta tambaya ba. Ta dai gyara mayafi ta miƙe.

Muka shiga motar Injiniya. Bokitin na tsakanin ƙafafuna, duk ramin da aka faɗa sai ruwa ya fantsamo min. Na ce ya biya da mu shago, na buɗe da mabuɗina na zuba su a tankin jinya, na kunna iska, sannan muka wuce gida.

Sai da na canza kaya Umma ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Ta ce kifi ne fa, Auta. Na ce na sani. Ta ce don alherina ta yi, ta san halina na riƙo, kuma yaron nan ranar da ya zo mata hannunsa na jini idonsa ya yi ja, tausayi ya ba ta. Ta ce namiji ba a rasa shi da irin wannan, Babanmu ma ya taɓa bayar da keken ɗinkinta aro bai tambaye ta ba, aka dawo da shi a karye, ga su nan shekara talatin da biyar.

"Ya kawo miki wani keken ya ce shi ne naki?"

Umma ta dube ni, ta ce bakina ya yi tsawo, ta tashi ta fita. Ba ta buga ƙofa ba, a hankali ta ja ta.

Lahadi saƙon Yaya ya zo, minti tara. Ta ce duk dangi za su yi min dariya a ce na fasa aure saboda kifi, wa zai iya faɗar wannan a gaban mutane. A minti na bakwai ta ce, "ni tun ranar da Umma ta gaya min na ce mata gara a faɗa miki", sai jariri ya yi kuka, saƙon ya yanke. Wato lokacin da take tura zuciyoyi uku da wayata ta riga ta san abin da ya ciji hannun. Na lissafa waɗanda suka ɓoye min, mutum huɗu ke nan.

Litinin mai ido ɗayan ya mutu, saura biyu. Kawu bai ce in yi haƙuri ba, ba ya cikin kalmominsa. Ya dai aika aka sayo min shayi da biredi mai kwai ya ajiye a kan kanta, ya yi ta yabon yadda na gyara tankin jinya ga wani mai saye da bai tambaya ba. Ni kuma na shiga baya na wanke tankin Maigida, duk da a wanke yake. Ga mai tambayar ko na yi kuka: ban yi ba. Abin da ya faru kawai shi ne ranar Litinin na fito da ƙananan kifi huɗu daga firji na ajiye su narke, sai da na ɗauko matsi na tuna. Laraba da safe na sake yin haka.

Injiniya bai kira ba, bai turo komai ba. An riga an tsayar cewa Lahadi mai zuwa manyansa za su zo wurin Baba, kuma babu wanda ya ce min an fasa ko ba a fasa ba.

Talata da na dawo daga aiki, Baba na zaune a baranda, jaridar a naɗe a kan cinyarsa. Wannan kaɗai ya isa in san da magana. Ya ce in jawo kujera. Ya ce jiya yaron nan ya same shi a wurin aiki, ya zauna ya zayyana masa komai tun daga gilashi har durom, bai ɗora wa kowa laifi ba, ko sunan Umma bai kawo ba, Baba a gida ya ji nata kason. Ya roƙi a dakatar da zuwan manyansa har sai ni da bakina na ce su zo.

"Ni ban san kifi ba," in ji Baba. "Ban san ko abin ya kai a fasa ba, ko bai kai ba. Ke kika sani. Jibi Alhamis zan kira mahaifinsa, don bai kamata a bar dattijo yana jira ba. Abin da kika gaya min shi zan gaya masa, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Na ce to. Ya buɗe jaridarsa.

Na yi ta juya abin. Mutumin da ya zura hannu cikin firana don ya ceci kifina, shi ne wanda ya tsaya a bayana ya ce baƙunta ce. Ban san da wanne zan zauna a gidan ba, kuma ina jin duka biyun ne.

Yau Laraba, ƙarfe ɗaya saura, ina auna maganin su biyun da suka rage, saƙon Injiniya ya shigo. Babu Likita, babu gaisuwa mai tsawo.

"Sabon kifin bai ci komai ba tun da na kawo shi, yau kwana shida. Ya fara kwanciya a ƙasa. Ban taɓa komai ba, ban tambayi kowa ba. Ban san abin da zan yi ba. In ba kya son zuwa, ki gaya min a rubuce, zan bi yadda kika ce."

Na karanta sau biyu. Na sa tiyo da matsi da kwalbar gwajin ruwa a jakar aiki, na ɗauki bokiti, na ce wa Kawu zan fita. Bai tambayi ina ba. Na biya gida in ɗauki takalmin roba, da rigar shago a jikina da warin tanki da komai. A bakin ƙofa na ci karo da Umma ta fito shanya. Ta kalli jakar, ta kalli bokitin, na ga gefen bakinta ya fara motsi.

"Kifi zan je dubawa, Umma."

"Na ce wani abu?"

A cikin tasi nake rubuta muku wannan ƙarshen, bokiti a tsakanin ƙafafuna, mun kusa kwanar gidan. Kifin na san abin da zan yi masa. Abin da zan gaya wa Baba kuma, sai gobe.